Baƙin Kaka: Tsuntsaye da Masu Kallonsu Daga Kurmin Kagoro Zuwa Tafkin Dagona

A shekarar 1943 aka tono wani kan mutum na gasasshen yumɓu a wata mahaƙar kuza da ke kusa da Jama'a. Ma'aikacin da kan ya faɗa hannunsa bai ga wani amfani da zai yi masa a ɗaka ba, sai ya kai shi gonarsa ta doya ya ɗora a kan mutum-mutumi. Nan ya shekara yana gadi, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi, kafin a kai shi Jos gaban Bernard Fagg, wani jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin tono kayan tarihi. Fagg ya kwatanta shi da wanda aka samu a ƙauyen Nok tun 1928, ya gane cewa al'umma ɗaya ce ta ƙera su. Yau kan Jama'a yana cikin sanannun kayan tarihin Afirka, shekarunsa sun haura 2,000. Amma aikin farko da aka ba shi bayan ya fito daga ƙasa shi ne tsorata masu ɓarnar gona.

Mutanen Nok ɗin ma sun san wannan yaƙi. Masu bincike daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka kafa sansani a Janjala cikin ƙaramar hukumar Kagarko, sun tabbatar da cewa gero shi ne babban abincinsu, kuma wanda duk ya noma gero dole ya san tsuntsu. A wani wuri da ake kira Pangwari har sun tono siffar mutum mai bakin tsuntsu.

Ke nan kallon tsuntsaye a kudancin Kaduna bai soma a matsayin shaƙatawa ba. Aiki ne, kuma aikin yara. Idan kaka ta kawo kai, acca ta nuna, dauro ya fitar da kai, shinkafar fadama ta sunkuya, tun da asuba ake tada yaro ya tafi gona da gwangwani da majajjawa ko danƙo. Zai wuni yana ihu, yana jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye. Yaron da ya yi kaka uku yana wannan tsaro, ko Bajju ne ko Atyap, ko Ham ko Agworok ko ɗan Fulanin ruga, ba ya bukatar littafi kafin ya faɗa maka wane tsuntsu ke sauka da sassafe, wane ke jiran rana ta yi sanyi, wane ne ɓarawon hatsi, wane ne kuma ƙwari kawai yake nema don haka a ƙyale shi. Ya kuma san abin da masana suka daɗe kafin su rubuta: akwai waɗanda ake gani duk shekara, akwai kuma waɗanda ke da lokacin zuwa da lokacin tafiya.

Abin da ya sa yankin Kafanchan ya zama wurin lura da wannan kai-komo shi ne inda Allah ya ajiye shi. Duwatsun Kagoro, masu tsayin sama da mita 1,200, su ne gefen yamma na tsaunukan Jos. Iskar damina da ke tasowa daga teku tana cin karo da su, ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a gindinsu. Shi ya sa damina ke daɗewa a nan, daga Afrilu har Oktoba, rafuka ba sa saurin ƙafewa, ruwan Matsirga na kwarara daga kan dutse a kusa da Madakiya, kuma kurmi ke bin kowane kwari. Sunayen garuruwa kamar Kurmin Musa da Kurmin Jibrin da Kurmin Biri shaida ne. Tsuntsun da ya baro arewa bayan ciyawa ta bushe, idan ya iso nan sai ya tarar da sauran ɗanyen ganye da ƙwari.

A watannin Satumba zuwa Nuwamba ƙaura iri biyu ce ke haɗuwa a sararin samaniyar yankin, kuma manomi ya fi sanin ta farko. Ita ce ta tsuntsayen Afirka masu bin ruwan sama. Shamuwa ce shugabarsu. Takan iso garuruwan Hausa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, babu mai taɓa ta, domin zuwanta albishir ne. Da ruwa ya ɗauke sai ta tattara 'ya'yanta ta yi kudu, ba ta tsayawa sai ta ƙetare tsakiyar duniya zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke somawa a lokacin. Masu bincike 'yan Denmark da suka ɗaura wa wasu shamuwoyi na'ura a Jamhuriyar Nijar sun bi sawunsu har Tanzaniya. Cilakowa kuwa ba ta nisa haka, amma ita ma a ƙarshen damina ake ganin ayarinta yana gangarowa kudu, ɗaya na bin ɗaya, ta kaɗa fiffike ta yi lilo ta sake kaɗawa. Shirwa na dawowa daidai lokacin da za a soma ƙonan daji, ta riƙa shawagi a bakin wuta tana cafke fara. Balbela kuma tana biye da shanun da ke gangarowa mashekari, ta wajen Ladduga da fadamun Kaciya.

Ƙaura ta biyu ita ce mai ban mamaki, kuma ita ce ta fi wuyar gani, domin yawancin masu yin ta ƙanana ne, launinsu ba ya ɗaukar ido, kuma da dare suke tafiya. Waɗannan a Turai da yammacin Asiya aka ƙyanƙyashe su. Tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 15 ko 20 ba yakan ci ya tara kitse har ya kusa ninka kansa, sannan ya ƙetare Bahar Rum, ya fuskanci Sahara mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000. Da yawa sukan yada zango a ƙasar Hausa da Barno tukuna, lokacin da take kore shar bayan marka, su yi makonni suna mayar da ƙarfi, sai hunturu ya soma busawa su ƙara gangarowa. Masanin nan ɗan Ingila, Reginald Moreau, a littafinsa na 1972, ya kiyasta cewa tsuntsaye miliyan 5,000 ne ke shigowa Afirka ta wannan hanya kowace kaka. Wani lissafi da aka yi a 2009 ya ce ƙananan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai zuwa kudu da Sahara sun kai kimanin miliyan 2,100. Ko wanne aka ɗauka, abin ya wuce misali.

Tsattsewar da ke jeruwa a kan wayar lantarki a Kafanchan cikin Oktoba na iya kasancewa a rumfar shanun wani manomi a Italiya ko Holan ta fito daga ƙwai. Da yawansu wucewa kawai suke yi. Akwai wani tudu mai dogayen ciyayi a ƙauyen Ebbaken, yankin Boje a jihar Kuros Riba, inda suke kwana da yawan da ya sa ake lissafa shi cikin manyan makwantansu a Afirka.

Turawa kansu sun daɗe cikin duhu game da inda tsuntsayensu ke ɓacewa. Har ƙarni na 18 akwai masana da suka yarda cewa tsattsewa na nutsewa cikin laka a ƙasan tafki ta yi barcin hunturu. A watan Mayun 1822 ne aka harbo wata farar shamuwar Turai a kusa da Klütz, arewacin Jamus, aka tarar da mashi na itacen Afirka soke a wuyanta. Wani maharbi ne ya jefe ta a nan nahiyar, ta tashi da mashin ta yi tafiyar dubban kilomitoci. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Wato hujja mafi ƙarfi da Turai ta fara samu daga hannun mafaraucin Afirka ta fito, ko da yake bai san ya aika saƙo ba.

Mafarauta dai su ne rukuni na biyu na masu kallon tsuntsu a wannan ƙasa, kuma sun fi manoma zurfafawa. Maharbin Bahaushe da ke ɗaura kan burtu a goshinsa, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, sai da ya ɓata lokaci yana nazarin tafiyar burtu kafin dabbar daji ta yarda da shi. A Kagoro kuwa farauta tana da ƙa'ida da lokaci. Bikin Afan, wanda yanzu ake yi ranar 1 ga Janairu, kuma ya yi suna a zamanin Sarki Gwamna Awan da ya yi mulki daga 1945 zuwa 2008, asalinsa alama ce ta ƙarshen girbi da buɗe farauta bayan an tsarkake duwatsu. Kafin lokacin ba a shiga. Haka nan kurmin tsafi, inda ake taron dodo, ba a sare itacensa. Ba don tsuntsaye aka kafa waɗannan dokoki ba, amma sun ci moriyarsu.

Turawan farko da suka zo neman tsuntsu su ma da bindiga suka zo. Boyd Alexander, sojan Ingila da ya ratsa daga Kwara zuwa tafkin Cadi har kogin Nilu tsakanin 1904 da 1907, harbe su yake yi, a feɗe, a cusa auduga, a aika gidan tarihi na Landan. Da irin waɗannan fatu David Bannerman ya rubuta littafinsa mai juzu'i takwas kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, daga 1930 zuwa 1951. Aikin ya yi amfani wajen sanin wane ne wane, sai dai gawa ba ta faɗin daga inda ta fito.

A tsakanin nan Kafanchan ta sauya kama. Jirgin ƙasa ya iso, garin ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos a 1927, fadar Sarkin Jama'a ta dawo nan a 1933, ma'aikata da 'yan kasuwa suka cika gari, citta ta samu hanyar fita zuwa teku. Jama'a ta ƙaru, bukatar katako da itacen girki da sabuwar gona ta ƙaru. Gwamnatin mulkin mallaka, bisa dokar gandun daji da aka soma tun 1916, ta shata wasu kurame ta ce na hukuma ne. Daga cikinsu akwai na Kagoro da na Nindam da na kogin Sanga. A Nimbiya kuma aka share daji aka dasa itacen tik a jere domin katako. Mai wucewa a mota zai ga duhuwa ya ce daji ne, amma gandun itace iri ɗaya ba ya ciyar da tsuntsu kamar kurmin da ya tsiro da kansa.

A wajen sanin daga inda tsuntsu ya fito kuwa, zobe ne ya sauya komai. Wani malamin makaranta ɗan Denmark, Hans Christian Mortensen, shi ya fara sanya wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa a 1899, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun ya rubuto. Dabarar ta kama sosai a Arewacin Nijeriya a shekarun 1950 da 1960. A Kano akwai Robert Sharland, wanda ya shafe shekaru yana riƙe da rajistar zoben ƙasar nan. A Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924, akwai Victor Smith, wanda ke kafa raga mai siririn zare a inda tsuntsaye ke kwana, ya kama, ya auna nauyi, ya sa zobe, ya saki. A Zariya kuma akwai Hilary Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya ƙware kan tsuntsaye masu cin ƙudan zuma da ke haƙa rami a gaɓar rafi. Sharland da John Elgood na Jami'ar Ibadan ne suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya a 1964. Daga baya ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, ta soma fitar da mujallar Malimbus a 1979.

Tsuntsuwar da ta fi shan zobe a hannunsu ita ce 'yar siririyar nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu tana kaɗa jela, wadda kowane makiyayi ya sani da rani. An sa wa dubbai a Kano da Vom, sai wasiƙu suka soma dawowa daga Italiya da ƙasashen gabashin Turai har Rasha. A 1967 Fry da abokansa suka tafi Malam Fatori a bakin tafkin Cadi suka auna kitsen da ƙananan tsuntsaye ke tarawa kafin su koma arewa ta hamada. A 1973 kuma shi da Elgood da Robert Dowsett suka wallafa dogon nazari kan tsuntsayen Afirka masu ƙaura a cikin Nijeriya, wato suka sa a takarda, da kwanan wata da taswira, abin da manomi ya daɗe yana karantawa a sama.

Akwai shekarar da ta nuna cewa wannan lissafi ba wasan masu hutu ba ne. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Birtaniya suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ke cika shingayen gonakinsu, fiye da kashi biyu bisa uku nasa bai dawo ba. Aka bincika maganin ƙwari, aka bincika cuta, ba a ga komai ba. Sai daga baya aka gano cewa ruwan sama ne ya gaza a yankin Sahel a daminar 1968, inda tsuntsun ke cin rani. Shekaru kaɗan bayan haka farin 1972 zuwa 1974 ya auka wa ƙasar Hausa da Nijar, ya kashe dabbobi ya tada garuruwa. Tsuntsun ya riga kowa kai labari, ba a dai fahimce shi da wuri ba.

Kurmin Nindam ya shiga littafi sosai a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, lokacin da Michael Dyer da Mary Gartshore da Sharland suka riƙa zuwa suna kafa raga a cikinsa. Rahotonsu ya fito a Malimbus a 1986, kuma abin da ya ƙunsa ya ba masana mamaki. Ga kurmi a jihar Kaduna, kewaye da dajin ciyawa da ɗorawa da kaɗanya, amma cike da tsuntsayen da asalin gidansu dazuzzukan Kuros Riba da Kamaru da Kwango ne, nesa da 'yan'uwansu da ɗaruruwan kilomitoci. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa a wani zamani mai ruwa daji ya haɗe tun daga teku har gindin tsaunukan Jos, da ƙasa ta bushe ya janye, ya bar wannan yanki a inda duwatsu ke tare hadari. Cikin kaka sai baƙin Turai masu son inuwa su sauka a bakin kurmin, su cakuɗa da 'yan gida.

Duwatsun ma suna da nasu. Robert Payne na Jami'ar Michigan ya daɗe yana bin wasu baƙaƙen tsuntsaye masu sheƙi waɗanda ba sa yin sheƙa, sai dai su saka ƙwai a ta wani, ɗansu kuma ya tashi yana rera kukan mai riƙonsa. A 1982 ya bayyana wani irinsu na yankin Jos, ya sa masa sunan Mary Gartshore. Matsalar ita ce kukan da yake kwaikwayo bai yi daidai da na wani sanannen tsuntsu ba. Bin wannan kuka ne ya kai shi ga wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu, dangin waɗanda ke tsintar tsaba a tsakar gida, wanda ya tabbatar a 1998 cewa sabon iri ne da kimiyya ba ta taɓa rubutawa ba. Ana samunsa a tsaunukan Jos da kewayensu. Da aka fitar da jerin wurare mafiya muhimmanci ga tsuntsaye a Afirka a 2001, wanda Augustine Ezealor ya rubuta babin Nijeriya, Kagoro da Nindam suna cikin wurare 27 da aka zaɓa a ƙasar.

Abin da kudancin Kaduna ba shi da shi shi ne babban tafki mai gandun tsuntsaye. Akwai fadamu, akwai kududdufan da haƙar kuza ta bari, akwai kuma tafkin madatsar Gurara, wanda ake jan ruwansa ta bututu mai tsawon kilomita 75 zuwa Abuja, amma wannan don famfon birni aka gina shi. Mai son ganin agwagin Turai dubu-dubu sai ya yi tafiyar yini zuwa arewa maso gabas, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa cikin yashi su zama fadamu tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa.

A can ne tafkin Dagona yake, a ƙasar Bade ta jihar Yobe, wani tsohon lanƙwasar kogi da ke riƙe ruwa bayan ambaliya ta janye. Daga Oktoba ƙananan agwagin da suka ƙyanƙyashe a Rasha da gabashin Turai ke sauka, tare da masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a gonakin shinkafa, su tarar da 'yan gida: kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da jinjimi. An kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ya ziyarci Dagona a 1989 yana shugaban asusun kare namun daji na duniya, a 1991 kuma wurin ya shiga cikin gandun ƙasa na Tafkin Cadi. Tafkin Nguru ne wuri na farko da Nijeriya ta sa a rajistar yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Ana ƙidaya a watan Janairu, lokacin da baƙi suka gama hallara, kuma a 1997 adadin tsuntsayen ruwa a fadamun ya haura 300,000.

Sai dai ruwan da ke ciyar da su a hannun mutane yake. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun, suka kuma mayar da kogin mai gudu duk shekara maimakon ya cika ya janye. Wannan ya yi wa kacalla daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye shinkafa. Manomin Bade da agwagwar Rasha matsalarsu ɗaya ce, ko da yake idan an zo maganar kasafin ruwa ba a cika tambayar ko ɗayansu ba.

A watan Fabrairun 2006 baƙin kaka suka shiga bakin duniya ta wata fuska. An tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Nan take aka nuna tsuntsaye masu ƙaura da yatsa, wasu kuma suka ce a duba cinikin kaji da 'yan tsaki. Nazarin ƙwayar cutar ya nuna cewa ba sau ɗaya ta shigo ƙasar ba. Abin da ya fito fili shi ne ƙarancin 'yan ƙasa da za su iya tsayawa bakin tafki su bambance agwagwar gida da baƙuwa, su faɗi yaushe ta zo.

An riga an soma toshe wannan giɓi. A 2001 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga a gabashin Jos, da haɗin gwiwar Jami'ar Jos da gidauniyar kiyaye muhalli ta Nijeriya da mutanen ƙauyen, waɗanda dajin nasu ne na gado. Tana ba da digiri na biyu, kuma ɗalibanta daga ƙasashen Afirka ta Yamma suke zuwa. A nan ne al'amarin ya koma hannun 'yan gida. Biyu daga cikin masananta, Jacinta Abalaka da Shiiwua Manu, sun koma Kagoro da Nindam suka sake ƙidaya domin kwatantawa da jerin da aka yi a baya, suka wallafa sakamakon a 2007, kuma tun a kan takardar suka kira gandun da mai lalacewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san yankin: zarto, gawayi, wutar daji, da gonar da ke cin bakin kurmi taku-taku. Da wuya a ga laifin mai neman inda zai shuka citta ya biya kuɗin makaranta, amma tsuntsun da ba ya iya ƙetare fili ba shi da wani kurmin da zai koma. Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafi. Bayan hare-haren da aka kai Godogodo da ƙauyukan kewaye a 2016, kwana a daji da raga da fitila ya zama abin da sai an yi shawara.

Duk da haka masu kallo sun ƙaru, kuma kayan aikinsu sun sauya. Tun 2015 cibiyar ta Amurum ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye tara a kwance, ana so mai sa kai ya shiga ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk abin da ya gani ko ya ji a manhajar BirdLasser ta wayar hannu. Akwai tawagar matasan Arewa da ke bin jihohi suna cike guraben da ba a taɓa shiga ba, ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye sun ɓullo a jami'o'i, kuma ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya, wadda ake yi Asabar ta biyu a Mayu da Oktoba, ta zama lokacin fita da 'yan makaranta. Wanda ya fita da madubin hangen nesa a ƙauye har yanzu yakan sha tambaya, wani ya ɗauka mai auna fili ne, wani ya ce ma'aikacin gwamnati ne. Idan aka zauna aka yi bayani, sau da yawa dattijon da ya yi tambayar shi ke nuna inda tsuntsun ke kwana.

Binciken da ya fi shafar manomin Kafanchan kai tsaye a gonakin da ke kewaye da Amurum aka yi shi, kan wani ɗan tsuntsu mai farar gira da ke son tsayawa a kan karan dawa ko ƙaramin kututture yana dakon ƙwari. Emma Blackburn da Will Cresswell na Jami'ar St Andrews, tare da ma'aikatan cibiyar, sun sa wa ɗaruruwa zobba masu launi, wasu kuma suka goya musu na'urar da ba ta kai giram ɗaya ba mai auna tsawon rana. Na'urorin da aka karɓo bayan shekara sun nuna cewa a gabashin Turai suke ƙyanƙyasa. Zobban kuma suka nuna cewa wanda ya tsira daga tafiyar yakan dawo gonar da ya bari, sau da yawa 'yan taku kaɗan daga inda aka kama shi bara. Ba kurmi yake so ba, ba kuma fili fetal ba. Gonar gargajiya ta fi masa, mai sauran kara a tsaye, da 'yan sabara ko kalgo a kan iyaka, da saura a gefe, irin wadda har yanzu ake gani a hanyar Kagoro zuwa Manchok da ta Zonkwa zuwa Kaciya.